Tsakanin Gishiri da Garin Tuwo

Ranar da aka mai da Likita Ngassa Duwala
ta bar mini tukunyar esfireso a kwalin sirinji,
ta ce, "Ke mai aikin dare, kin fi ni bukata."
Ba ta ce mini tukunyar na da tsirfa ba.

Na sa aka kawo mini 'ya'yan gahawa daga Fumbot,
kwana biyu a bayan mota, suna ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa.
Na zuba a turmi. Turmi bai manta aikin jiya ba:
kofin farko ya zo da citta da masoro,
daddawa ma ta aiko da gaisuwa.
Na kai injin Yelwa, wurin masu niƙan masara.
Yaron ya dube ni, ya dubi rabin gwangwani,
ya niƙa don kunya.
Na sha wani kunu da ba a raɗa wa suna ba.

To, Asabar sai kasuwa.
Garwa ta dafu tun ƙarfe tara,
kwalta na riƙe takalmi kamar mai bin bashi.

Hamajoda ya jera mini uku a kan kanta.
Na farko mai wuƙa ne, jaka takwas.
Ya kunna, abin ya kurma ihu, ya sassare 'ya'yan
kamar mahaucin da aka ɓata wa rai:
wani gari, wani tsaki, wani ko ƙwarzane babu.
Shi kuwa ruwa ɗan son banza ne,
inda ya ga ƙofa nan yake bi,
ya bar daɗin a baya, ya kawo miki tsami.

Na biyu baƙi, mai haƙoran ƙarfe, nauyin jariri,
da lambobi a wuya har arba'in.
Kuɗinsa albashina ne, har da ciko.
Ina cikin shafa shi aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya.
Muka dubi juna, shi ya fara dariya.

Na ukun ba ya jiran kowa.
Ɗan siriri ne da mariƙi, ya cika tafi ɗaya,
haƙoransa biyu na juya a ɓoye,
kin matsa, su matso, kin saki, su ja baya.
"Wannan," in ji Hamajoda, "kuran ɗinsa na kafaɗarki."
Muka yi ciniki har ladan ya raba mu.

A gida na ɓata rabin buhu.
Yau ruwa ya zubo kamar an ɓalle famfo,
gobe tukunya ta yi nishi, ko ɗigo.
Goggo Dudu na tabarma tana saurare.
Idonta ya tafi shekara shida,
amma ta yi arba'in durƙushe gaban dutsen niƙa.
Ta ce, "Miƙo."
Ta murza tsakanin yatsa biyu.
"Wannan na kaji ne. Matse."
Na matse.
"Wannan kwalli ne, ido za ki sa wa? Saki kaɗan.
Nemi tsakanin gishiri da garin tuwo."

Na nema. Na danna. Na ƙirga a zuci
yadda nake ƙirga bugun jinin mara lafiya.
A bakwai ya leƙo, baƙi, a hankali,
ya miƙe siriri kamar zuma daga tsinke,
a ashirin da biyar na tsayar.
Kumfar ta kwanta, launin Binuwai a watan Agusta.

Ita na fara ba.
Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta daɗe shiru.
"Niƙa dai ya yi," ta ce,
"abin shan ne ba na mutane ba.
Sa mini sukari uku."

Yanzu in na sauko daga aiki da asuba,
farar riga na warin asibiti,
sai in zauna bakin ƙofa in yi ta juyi,
ƙurus, ƙurus, kafin masu koko su fito.
Daga cikin ɗaki, ba ta ko ɗaga kai ba,
sai in ji ta:
"Iska ta yi laima yau. Saki ɗaya."