Lissafi a Ƙyauren Gareji

A Garwa, can bayan Rumde-Ajiya,
nake farke cikin injin gas tun kaina da baƙin gashi.
Jiya Hamajoda ya leƙo,
yaron da na koya wa riƙon sifana,
yanzu wani ɗan jirgi mai farfela ɗaya yake lallaɓawa.

Na ɗauki alli, na nufi ƙyaure:
Garwa zuwa Marwa.
Tawa, da buhu shida da masu buhun,
lita ashirin da biyar ta ishe ta.
Naka fa?
Ya sosa ƙeya: arba'in, in iska ta yarda.

Na yi dariya har shayi ya zuba.
Injina ba ya roƙon wuta wurin filogi,
matse iska yake har ta yi zazzaɓi,
a ɗiga mata gas kamar maganin ido,
ta kama.
Naka filogi bibbiyu a kan kowane fiston,
ga zuƙa kamar raƙumin da ya ga rijiya,
man ma shuɗi, ba irin na kwalbar bakin hanya ba.

Bai musa ba. Ya karɓi allin.
Ya ce, "Kai tsawon hanya kake aunawa, mu agogo.
Awa guda na sauka,
kai kana Figil kana sauya taya.
Rarar man da ka kira ɓarna,
da ita injin ke huce zafi in yana hawa,
ba mu da lagireto, ruwa kaya ne.
Naka ƙarfe ne mai kauri don ya jure matsi,
ɗora shi a hancin jirgi
ka ga fasinja nawa za su sauka.
Filogi na biyu kuwa, maigida,
in taka ta mutu, ka gangara gefe,
ka sa mata dutse, ka nemi inuwa.
Can sama babu gefe."

Ban goge lissafin ba.
Lita dai lita ce, tawa ta fi tsimi,
gobe ma haka zan faɗa.

Da la'asar ina kwance ƙarƙashin motar auduga,
baƙin mai na ɗiga mini a gemu,
sai ga ƙugin nan ya tsallako Binuwai.
Na ajiye sifana.
Na kasa kunne ina bin bugunsa ɗaya-ɗaya,
ko zan ji tuntuɓe,
har ya shige bayan Tingilin.
Sannan na tuna da goron da ke bakina.