Tambaya Uku a Shagon Mai Ɗinkin Littafi

Asabar, bayan la'asar, a Tudun Wada,
a shagon Malam Shu'aibu mai ɗinkin littafi,
inda warin gam ya danne ƙamshin turare,
muke jan benci biyu da kujerar roba mai ɗingishi.
Dokar zaman tambaya uku ce:
me ka gama, me kake ciki, me ke jiranka?

Hansatu ke fara amsawa kullum,
idonta ja, ta kwana aiki a asibitin Shika.
Ta gama wani labari na masunta,
ta ce kwana uku tana jin ƙarnin kifi a tafinta.
Yanzu tana tsakiyar rigimar wata rijiya
da ƙauye biyu suka tsufa suna shari'a a kanta.

Ishaya daga Wusasa yake tasowa a keke,
littattafai ɗaure a kariya da tsohuwar roba.
Shi ba ya gama komai.
Biyar yake taɓawa lokaci guda,
kamar mai ɗanɗana miya a gidan suna.
Ya ce wanda ya kai shafin ƙarshe ya yi rashin aboki,
to shi me zai kai shi?

Ni kuwa ƙarya na yi makon jiya.
Na ce na gama mai kaurin nan, mai koren bango,
alhali tikitin motar Kwangila
na kwance a shafi na tamanin da bakwai tun farkon damina.
Barira, mai littafin, ta ce,
"Yaya ka ji da mutuwar direban?"
Na ce ta girgiza ni ƙwarai.
Ta yi dariya har mayafinta ya zame:
babu direba a ciki, balle ya mutu.

Sai Baba Ɗanlami, tsohon ma'aikacin reluwe.
Shekara biyu yana ta rufe masa ido.
Tambaya biyun farko hannu yake kaɗa musu,
ta ukun ce tasa.
Yakan zaro takarda daga cikin hula,
suna goma sha tara da jikarsa ta rubuta:
"Waɗannan ke jirana."
Mun sha cewa bari mu karanta masa.
Ya ce lomar da wani ya tauna ba ta kai masa ciki.

Yau ya zo da auduga manne a ido ɗaya,
ɗayan an buɗe shi ran Laraba.
Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.
Ya miƙa hannu kan tebur,
ya ɗauko wanda gam ɗinsa bai bushe ba,
littafin lissafin wani ɗan aji biyu.
Ya kai shi bakin hanci, ya ja shi baya,
ya fara, a hankali, kamar jirgi zai bar tasha:
"Idan Talatu tana da lemo bakwai,
ta ba ƙanenta uku..."

Ya tsaya.
Hansatu ta juya fuskarta bango.
Ba wanda ya ce huɗu.

Shu'aibu ya yi gyaran murya,
"Baba, ai wannan ba ya cikin jerinka."
Ya ce, "Sa shi a sama.
Shi nake ciki yanzu.
Kuma kada wanda ya faɗa mini yadda ya ƙare."

Aka kira magariba, muka mayar da benci.
Da na isa gida ban ko cire takalmi ba,
na zare tikitin nan, na juya shafi.
Tamanin da takwas.
Ashe wata mai koko ce ke magana,
tun damina take jirana da ludayi a hannu.