Sha Ɗaya da Minti Goma

Shekara arba'in Baba Modi na gyaran agogo
a bakin Tsohuwar Kasuwa,
gilashi manne a ido guda,
yana tsince datti daga lokacin mutane.

Ran Talata ya sallame La'asar,
ya miƙe ya sake kabbara.
Ran Juma'a yaron mai shayi ya rako shi daga Mabera,
ƙofar gidan da muka bari tun ina goye.
Aka ce tsufa ne, wa ya taɓa kai tsufa asibiti?
Ni na kai.
Na tare agwagwa da buje, na ce masa awon jini za mu.

Likitar, wata siririya 'yar Gwadabawa,
ta ce, Baba, zan ba ka ajiya:
rijiya, albasa, tsintsiya.
Ya yi dariya. Ukku ɗai?

Sai ta turo farar takarda.
Zana mini agogo,
sha ɗaya da minti goma.

Da'irar ta fita sumul, hannu bai manta ba.
Lambobin ne suka taru gefe guda
kamar awaki a inuwar katanga da azahar.
Ya riƙe biro.
Fanka na juyawa.
Na ƙirga tayil ɗin ƙasa har ashirin da shida.

Ya ce, wanga agogo ya lalace, ɗiyata.
A bar min shi, a zo gobe a amsa.

Da aka nemi ajiya ya kawo albasa.
Rijiya sai da aka zura masa guga.
Ta ukun ba ta zo ba.

Likita ba ta yanke hukunci ba.
Ta ce za a duba jini, a duba kunne,
a sake zama bayan wata uku.
Ta ce gara da kuka zo da hantsi,
yawanci sai almuru ake kawo mana su,
lokacin da ba sauran mai tambaya sai mai kuka.

Daren nan na ɗauko gwangwanin alawa
mai agogo bakwai da ba a karɓa ba.
Yana faɗin masu su, ina rubutawa,
da inda takardar gonar Kware take,
da wanda yake so ya riƙa yi masa aski.

Kafin kiran assalatu aka ƙwanƙwasa ƙofata.
Yana tsaye, buta a hannu.
Ya ce, Kulu,
gaya wa yarinyar nan:
tsintsiya.