Allon Ƙofa

Ni na rubuta allunan biyu tun farko:
shuɗi na 'yan wasan daɓe a Makerar Gandu,
ruwan goro na masu zane a Rafin Atiku.
Shekara sha ɗaya ba sa ga-maciji,
ko wurin ɗaurin aure kowa da tabarmarsa.

Sai mai gida ya ƙara haya a can,
nan kuma kwano ya fara yoyo kan kayan wasa.
Aljihu ya yi abin da dattawa suka kasa.

Ran Asabar aka zauna.
Labbo ya ce sunansu ne gaba, su ne manya.
Tumba ta ɗaga rasit: "Mu munka biya wuta."
Aka yi la'asar, aka yi magariba,
shayi ya huce a buta,
suna bai fito ba.

Washegari suka kawo min tsohon allon Makera,
kuɗin sabo babu.
"Nomau, shafe. Sa Inuwa Ɗaya."

Sau uku na shafa fari.
Da ya bushe, ga tsofaffin baƙaƙe
suna leƙe ta ƙarƙashi
kamar 'ya'yan maƙwabta a kan katanga.
Na ɗaga buroshi. Na ajiye.

Yanzu in ka gifta da hantsi
za ka ji Tumba na zana wa Labbo gemu,
yana rantsuwa ta karkata shi da gangan.

Ƙofa ɗaya, kwado biyu.
Ba wanda ya yarda ya saki makullinsa,
shi ya sa duk wanda ya riga zuwa
sai ya zauna kan dakali, ya jira ɗan'uwa.