Kwamfutar Baba Shalva

Kwana arba'in da binne Baba Shalva
na jawo kwamfutarsa daga ƙarƙashin gado, na danna.
Fanka ta yi tari sau biyu.
Allo baƙi ƙirin, sai farin layi ɗaya can sama:
ba a sami abin tashi ba.

Ni ma haka, na ce mata.

Shi ya share ta da hannunsa
daren da zai kwanta asibiti.
Taswirar bututun ruwan Tbilisi da ya ƙare ƙuruciya yana zanawa,
hotunan Mama a bakin teku a Batumi,
wasiƙun da ban san mai su ba,
duk ya kwashe, kamar mai gyaran ɗaki
don kada 'yan gaisuwa su ga inda shayi ya zube.

Elguja, yaron bene na uku,
ya miƙo mini filas bai kai ɗan yatsa ba.
Ya ce, Anti Tsiala, babbar manhaja na ciki,
ki soka, ki kunna, ki yi ta danna F12
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma.

Na soka. Na danna. Shiru.
Na sake. Shiru.
A tsakar gida inabi na zubar da ganye
kan igiyar shanyar Lamara,
motar ƙarshe ta gangara wajen kogin Mtkvari,
ni ina nan, ina roƙon ƙarfe da roba.

Karo na bakwai wani shuɗin allo ya buɗe,
ƙuryar ɗaki, inda na'ura ke ɓoye abin da ta sani tun haihuwa.
Agogonta ya ce ɗaya ga Janairu, dubu biyu da sha biyu.
Ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu,
ta koma shekarar da aka ƙera ta,
shekarar da Mama ke nan,
Baba na hawan matakala bibbiyu da jakar burodi.
Na daɗe ina kallon wannan kuskure.
Sannan na gyara.

Filas a gaba, rumbu a baya.
Ta tashi.

Sai tambayoyi, kamar ma'aikacin asibiti:
Wane harshe? Wane gari?
Waɗanne haruffa, namu masu lanƙwasa kamar hannun inabi, ko na waje?
Sannan ta ce: za a rubuta a kan duk abin da ke rumbun nan.
Kin yarda?

Na yi dariya. Ai an riga ki.
Amma yatsana ya tsaya a iska,
don Elguja ya faɗa mini a bakin ƙofa
cewa abin da aka share bai cika tafiya ba,
yana kwance a ƙasa kamar sawu bayan yayyafi,
gwani na iya tono shi
muddin ba a yi sabon rubutu a kai ba.

Akwai shagon irin gwanayen nan kusa da tashar jirgi.
Na san farashin ma.

Wanda ya rufe tukunyarsa ya san abin da ya dafa.
Baba bai taɓa buɗe jakata ba.
Na danna.

Kashi tara. Kashi arba'in.
A sittin da bakwai ta tsaya cik,
na dafa shayi, ya huce, na sake dafawa.
Mai burodi na ƙasa ya hura tanderu,
ƙamshi ya hau bene kafin rana.

Ɗari.
Tambaya ɗaya ta rage: wa zai yi amfani da ita?
Na rubuta harafin farko na sunansa, na goge.
Na rubuta nawa.
Biyu daga madannan da na taɓa
yatsunsa sun cinye fentinsu tuntuni,
sai da na lalubo su da ka.

Allo ya yi haske, fili fetal, ba ko hoto.
Na bar ta a buɗe, na sauka sayen burodi.