Tsuntsu da Jirgi

A Valparaíso gidaje kan hau kafaɗun juna
don su leƙi teku.
Ɗakin gwajinmu yana can ƙolin tudu,
matakala ɗari da sittin da biyu daga titi.
Da gwiwoyina na ƙirga su.

Mu uku ne.
Nahuel a kan ganguna, mai duka kamar yana bin su bashi,
Baltasar da jar jitarsa,
sai ni Ximena, da bes mai tsirkiya huɗu
da na saya da ladan feɗe kifi a kasuwar bakin ruwa.

Ran da Baltasar ya kinkimo amfilifaya mai wat ɗari
sau biyar muka yada zango a hanya.
Ya murɗa ta zuwa uku kacal,
tagogi suka kama kakkarwa,
karen maƙwabta ya yi ƙaura.
Ni da 'yar akwatina mai wat arba'in,
yatsu na ta safa da marwa,
ko tarina ba a ji ba.
Na ƙure ta, ta shaƙe,
ta koma gurnanin tsohuwar babur a hawan dutse.
Nahuel ya tsayar da sanda ya ce,
kiɗa kika zo, ko kallo?

Washegari na gangara wurin Don Eulogio,
tsoho mai gyaran rediyon jiragen ruwa,
shagonsa warin dalma da kofin da ya huce.
Bai ɗago kai ba. Ya ce, yi shiru tukuna.

Tsuntsun teku ya tsala ihu bisa rufi.
Ya ce, wannan duka nauyinsa nawa?
Ga shi ya huda miki kunne.
Jim kaɗan jirgin dakon kaya ya yi nishi daga tasha,
cokalin da ke kan tebur ya amsa.
Ya ce, wancan sai da aka yi masa huhu kamar ɗaki.

Siririyar murya allura ce, ɗan turi ya ishe ta.
Taki bango ce, 'yata,
tura bango sai ƙarti.
Abokinki, talatin na kwalba sun ishe shi har ya yi sadaka.
Ke nemi ɗari uku,
ba don ki cinye su ba,
don ran da mai ganga ya haukace a tsakiyar waƙa
ki tarar da sauran numfashi a ajiye.
Kuma kar lamba ta ruɗe ki:
ninka wat sau biyu, kunne ɗan kaɗan zai shaida.
Tambayi lasifika, ita ke da bakin.

Na kai wa Baltasar saƙo, ya kumbura.
Kwana tara bai gaishe ni ba.
Namiji da ɗarinsa, a ce ya sauko talatin?
Bayansa ne ya shawo kansa, ba ni ba,
a matakala ta casa'in da wani abu,
inda ya zauna bisa akwatin yana haki
yana zagin wanda ya gina garin.

Muka yi wasa daren Asabar a wani shago kusa da tasha,
mutum arba'in, rabinsu ma'aikatan jirgi.
'Yar ƙaramar tasa ta buɗe maƙogwaro,
ta yi zaƙin da babbar ba ta taɓa yi ba.
Tawa ko rabi ban murɗa ba.
Babu wanda ya ce ya ji ni.
Wata dattijuwa dai ta dafa ƙirji ta ce,
wani abu yana tafiya a ƙarƙashin dakalin nan,
ƙafafuna sun bi shi ban sani ba.

Wannan ya ishe ni.

Ƙarfe biyun dare muka doshi tudu.
Tasa tana lilo a hannu ɗaya kamar jakar burodi.
Ya dubi tawa, ya dubi matakala,
ya yi tsaki,
ya kama ɗaya kunnen.