Abin da Laka Ta Faɗa a Suruga

Mu uku cikin ƙwallon ƙarfe, gwiwa na gugar gwiwa.
Awa biyu muna nitsewa, shuɗi ya rine baƙi.
Tsubouchi matuƙi na tsotsar alewar citta,
ba ya zance da kowa sai allurar zurfi.
Raɓa na ɗiga daga rufi kan takardata.

Mita dubu biyu da ɗari. Fitila ta buɗe ido.
Ga ta nan kwance, laka,
sumul kamar ba ta taɓa kashe kowa ba.

Na ce, Chinatsu, miƙa hannun.
Hannun ƙarfe ya miƙe yana rawar tsufa,
riƙe da sanda mai fiffike huɗu.
Ya soka. Taɓo ya haɗiye ta babu gardama.
Wani kifi mai dogon wutsiya ya tsaya kallo,
mu ne a cikin koma yau, shi ne mai kallo.

Murɗa a hankali.
Ba a tambayar laka da gaggawa.
Ana juya fiffike kaɗan-kaɗan
tana cijewa, tana cijewa,
lamba na hawa kan gilashi,
har inda za ta ce na gaji, ta saki.
Wannan sakin muka zo nema.

Kakata Fusae a Yui haka take gwada awara:
babban yatsa a kai, ido a rufe,
ta ce ta jiya ce, ta ajiye.
Gidanta na kallon ruwan nan,
taku arba'in daga inda ake shanya jatan lande.
In gangaren nan ya zame da dare
teku zai ɗaga kafaɗa ɗaya, shi ke nan.

Huɗu da ɗigo biyu.
Bara a nan shida muka samu.
Na ce a sake, taku ɗaya hagu.
Tsubouchi ya dubi batir, ya dube ni, ya matsa.
Huɗu da ɗigo uku.

Ruwa ba ya tsami banza.
Amma lamba biyu ba hujja ba ce tukuna,
na rubuta su da fensir, yatsuna sun ƙage.

Muka saki nauyi, muka fara tashi.
Ta taga na ga ramukanmu biyu,
ƙanana kamar hancin jariri,
laka na rufe su tun ba mu yi nisa ba.